Dinari, antoniniyanus ko silikwa: da wanne zan fara a kuɗin azurfar Rumawa?

Wani abokina ne ya turo min hotuna uku da daddare, ya ce ya ware dala 150 yana so ya sayi kuɗin Rumawa na azurfa guda ɗaya, na farko a rayuwarsa, amma ya rasa wanne zai ɗauka. Ɗaya dinari ne na sarki Sabtimiyus Seberus, ɗaya antoniniyanus ne babba mai faɗi na sarki Godiyan na III, na ukun kuma silikwa, ɗan siriri na zamanin sarki Balens wanda gefensa duk a yanke. Ya ce zuciyarsa ta fi kwanciya da babban saboda ya fi cika ido. Amsar da na ba shi ta yi tsawo sosai, shi ne na ce bari in gyara ta in ajiye nan saboda na san ba shi kaɗai ke wannan ruɗanin ba.

Kafin komai, kalmar dinari da muke faɗa a Hausa, wadda muka samo daga Larabci, asalinta daga denarius na Rumawa ne. Bambancin kawai shi ne dinarin da muka sani a littattafan fiƙihu na zinariya ne, na Rumawa kuwa azurfa ne, ɗan ƙarami da bai kai faɗin santimita 2 ba. Don haka duk inda na ce dinari a nan, na azurfan nake nufi.

Abubuwan da nake dubawa

Na farko farashi, kuma ba kuɗin da aka rubuta a ƙasan hoto kaɗai ba. Idan a gwanjo ka saya akwai kason gidan gwanjon da ake ɗorawa, sau da yawa yakan kai kashi 20 cikin 100, ga kuɗin aikowa, ga canjin dala. Na biyu jikin kuɗin, wato azurfa nawa ce a ciki kuma yaya zai jure ajiya. Na uku sauƙin karantawa, domin kuɗin da ba ka iya karanta rubutunsa ba za ka more shi ba, kuma ba za ka iya tantance shi ba. Na huɗu haɗarin jabu. Na biyar, idan wata rana ka so ka sayar, akwai mai saye?

Abu ɗaya dai a cire shi a rai tun yanzu: ba don azurfar ake sayen waɗannan ba. Azurfar da ke cikin dinari ba ta wuce giram 3 da 'yan kai ba, in maƙerin fari ya narkar da ita 'yan daloli kaɗan ne. Tarihin da ke jikinsa da kyan bugunsa su ake biya wa kuɗi.

Dinari

Shi ne uban tafiyar. An fara buga shi tun wajen shekara ta 211 kafin Miladiyya lokacin yaƙin Rum da Hannibal, kuma da Agustas ya kafa mulkin sarauta a shekara ta 27 kafin Miladiyya sai ya ci gaba da shi, nauyinsa kusan giram 3.9, azurfa kusan tsantsa. Dinari 25 ke yin zinariya ɗaya. Sojan ƙasa a zamanin Agustas dinari 225 yake karɓa a shekara, Domishiyan ya ɗaga zuwa 300, to ka ga idan ka riƙe guda ɗaya a hannu ka riƙe fiye da albashin soja na yini guda kenan, ni wannan lissafin shi ya fara ja na cikin harkar. Niro ne a shekara ta 64 ya rage nauyin zuwa kusan giram 3.4 kuma ya surka azurfar da jan ƙarfe, daga nan sarakuna suka yi ta ƙara surki a hankali har zamanin Seberus (193 zuwa 211) azurfar ta dawo kusan rabi.

Ta fuskar farashi dinari kashi uku ne a wurina. Na sarakunan farko, Agustas da Tibariyas da su Kaligula, waɗannan ba na mai dala 150 ba ne. Na Tibariyas mai hoton mace a zaune a bayansa da rubutun PONTIF MAXIM an buga shi da yawan gaske a Liyon ta Faransa, amma saboda mutane da dama na ɗauka shi ne dinarin da aka ambata a Linjila, masu nema sun yi yawa, sai ka ga yana cin ɗaruruwan daloli. Na Kaligula kuwa dubbai ake magana. Kashi na biyu na ƙarni na 2, Tarajan, Hadiriyan, Antoninus Piyus, Markus Oriliyus da matansu irin su Faustina, mai kyau daidai misali yakan kama daga dala 80 zuwa 200. Kashi na uku na gidan Seberus, shi da matarsa Juliya Domna da 'ya'yansu Karakalla da Geta har zuwa Seberus Iskandar, nan ne araha take, daga dala 40 zuwa 100 kana samun wanda fuskar sarki ta fito tsaf har gashin gemu ana ƙirgawa.

Kuma nan zan ɗan daɗe domin nan daɗin yake. Seberus ɗan Afirka ne, a Leptis Magna aka haife shi, a gaɓar tekun Libiya ta yau, kuma akwai dinarinsa da na Karakalla mai rubutun INDVLGENTIA AVGG IN CARTH, da hoton wata allahiyarsu a kan zaki yana tsallake ruwa, ana nuni da wani alheri da ya yi wa birnin Kartaj na Tunisiya. Hadiriyan shi ma da ya zagaya ƙasashen daularsa ya sa an buga jerin kuɗi da sunayensu, akwai AFRICA, mace a kishingiɗe da fatar kan giwa a kanta tana riƙe da kunama, akwai AEGYPTOS, akwai NILVS wato kogin Nilu. Waɗannan na Hadiriyan sun fi na yau da kullum tsada saboda kowa na son su, amma in ka yi haƙuri kana bibiyar gwanjo za ka dace.

Karatunsa ba wuya da zarar ka haddace gajerun kalmomi kamar bakwai. V a wurinsu U ce. IMP shugaban mayaƙa, CAES Kaisar, AVG Agustas wato sarki, P M babban limamin addininsu, COS babban muƙamin mulki na kwansul, P P uban ƙasa, sai TR P, wato ikon wakilin talakawa, wanda shi ne ya fi amfani domin duk shekara ake sabunta wa sarki wannan ikon, lambar da ke biye da shi ita ke nuna a shekara ta nawa ta wannan ikon aka buga kuɗin. Misali dinarin Seberus mai P M TR P XVIII COS III P P, na shekara ta 210 ne, yana can Birtaniya yana yaƙi, saura kaɗan ya rasu a York. Sannan fuskokin wannan zamani na gaske ne, Niro da kaurin wuyansa, Nerba da dogon hancinsa, bayan wata biyu kana kallo za ka gane sarki ba tare da ka karanta suna ba.

Jurewa: azurfa mai kyau ba ta tsatsa, sai dai ta yi duhu, kuma wannan duhun masu tarawa suna son sa, kada ka goge. Matsalar da ake samu ita ce wasu da suka daɗe a ƙasa cikinsu ya zama kamar gishiri, ya yi gautsi, in ya faɗi a kan tayil sai ya rabe biyu. Saboda haka wannan gwajin da muka saba na jefa sulalla a ƙasa a ji ƙararsa, kar ka kuskura ka yi shi a nan.

Haɗarin jabu ya danganta da wane sarki. Oto da ya yi wata uku kacal a shekara ta 69, Pertinaks da Didiyus Juliyanus na shekara ta 193, waɗannan su 'yan jabu suka fi bugawa domin nan kuɗi yake. Na gidan Seberus ma ana yin jabunsu fa, ban ce babu ba, amma da yake na gaskiyan sun cika kasuwa kana da dubban hotuna da za ka gwada da su. Akwai kuma jabun da aka yi tun zamanin Rumawan kansu, cikinsa jan ƙarfe an lulluɓe da azurfa, za ka ga inda rufin ya ɓare. Shi ma tsohon kaya ne na tarihi kuma ana tara shi, sai dai kada a sayar maka da shi a farashin na asali.

Antoniniyanus

Wannan shi ne babban da abokina ya ƙyalla ido a kai. Karakalla ya ƙirƙiro shi a shekara ta 215, sunan ma daga sunansa na sarauta Antoninus masana na baya suka laƙaba masa. Gane shi ba wuya: sarki na sanye da kambi mai tsinaye kamar hasken rana, in sarauniya ce kuma za ka ga ƙirjinta a kan jinjirin wata. An ce a karɓe shi a matsayin dinari 2 alhali nauyinsa na dinari ɗaya da rabi ne, kusan giram 5, kuma rabinsa ne azurfa. Jama'a ba su yi barci ba, suka riƙa ɓoye tsofaffin dinari suna kashe sabon. An dakatar da shi a 219, aka dawo da shi a 238, daga nan ya ture dinari gaba ɗaya.

Abin da ya kamata ka sani shi ne suna ɗaya ne amma kaya biyu ne. Na 238 zuwa wajen 253, wato Godiyan na III da Filibus Balarabe da Desiyus, har yanzu azurfa ce ta gani da ido, fari, mai faɗin milimita 22 ko kusa da haka. Godiyan yana da shekara 13 aka naɗa shi, kuma an buga kuɗinsa da yawan da har yau ana samun wanda kamar jiya ya fito daga maƙera a dala 40 zuwa 80. Gaskiya babu wani kuɗin azurfa na Rumawa da za ka samu mai wannan kyan a wannan farashin. Filibus kuma a 248 ya yi bikin cikar birnin Rum shekara 1000, aka buga jeri mai rubutun SAECVLARES AVGG da hotunan namun dajin da aka kawo wajen wasa, zaki, dorina, barewa, waɗannan sun ɗan fi tsada amma suna da kyau ƙwarai.

Kaya na biyu shi ne daga tsakiyar mulkin Galiyenus (253 zuwa 268) zuwa gaba. A nan azurfar ta faɗi ƙasa da kashi 5 cikin 100, a zahiri jan ƙarfe ne aka yi masa wankan azurfa, wankan kuma yawanci ya goge. Dala 10 zuwa 30 kana samu, bugun sau da yawa a karkace, rubutu rabi ya fita waje. Oreliyan ya yi gyara a 274, ya sa alamar XXI wadda akasari ake fassarawa da kashi 20 na jan ƙarfe, 1 na azurfa, bugun ya gyaru amma azurfar dai ba ta dawo ba. Idan mai sayarwa ya rubuta maka "azurfa" a kan kuɗin Kalaudiyus na II, ka sani suna ne kawai. Kuma irin waɗannan su ke kamuwa da ciwon nan na tagulla, wani koren gari mai laushi da ke cin ƙarfen, wanda laima ke tayar da shi, ga mai zaune inda damina ke da ƙarfi wannan abin lura ne sosai.

Jabu a nan ya fi ƙaranci a kan sarakunan da aka saba, ribar ba ta kai wahalar ba. Sake sayarwa kuwa, na Godiyan yana tafiya amma kada ka sa ran riba, ya yi yawa a kasuwa.

Silikwa

Kafin in shiga, akwai arjentiyus da Diyokletiyan ya fito da shi wajen 294, azurfa mai kyau, wasu da alamar XCVI wato guda 96 a cikin laba ɗaya ta awon Rumawa. Kyakkyawa ne amma bai daɗe ana buga shi ba, farashinsa daga ɗaruruwan daloli yake farawa, ba na farawa ba ne, na wuce shi.

Silikwa ta ƙarni na 4 ce zuwa farkon na 5, daga gidan Kwanstantin, kuma wajen ƙarshen shekarun 350 aka rage ta zuwa kusan giram 2. Azurfarta tana da kyau sosai, ta fi ta dinarin Seberus nesa ba kusa ba, har wasu na ɗauke da PS a ƙasa alamar tatacciyar azurfa. Abin da ta fi sauran da shi shi ne tana gaya maka garin da aka buga ta, TR Tiriya a Jamus, MD Milan, LVG Liyon, AQ Akwiliya. Amma siririya ce, tana lanƙwashewa, tana tsagewa daga gefe, ba kuɗin da za ka riƙa miƙa wa baƙi suna juyawa ba ne.

Babbar matsalarta yankan gefe. A Birtaniya bayan kuɗi sun daina zuwa daga Rum a farkon ƙarni na 5, mutane suka riƙa datse gefen silikwa suna tara azurfar, suna barin fuskar sarki. Taskar Hoxne da wani mutum ya tono a Suffolk ta Ingila a 1992 yana neman gudumar da ta ɓata, silikwa sama da 14,000 ke ciki kuma mafi yawansu a datse suke. To su kuma sarakunan wannan zamani, Balens, Garatiyan, Arkadiyus, Honoriyus, duk kusan fuska ɗaya aka yi musu, rawani na lu'ulu'u da manyan idanu, in ka cire masu gemu irin su Juliyan, don haka in an yanke sunan sai ƙwararre ne zai gaya maka na wane ne. Irin wadda aka nuna wa abokina kenan. Datsattsiya dala 50 zuwa 100, cikakkiya mai kyau 120 zuwa 250 ko fiye.

| Abin dubawa | Dinari (ƙarni na 2 da gidan Seberus) | Antoniniyanus na 238 zuwa 253 | Antoniniyanus na bayan 260 | Silikwa |
|---|---|---|---|---|
| Farashi, kimanin dala | 40 zuwa 200 | 40 zuwa 100 | 10 zuwa 30 | 50 zuwa 250 |
| Nauyi | giram 3 zuwa 3.4 | giram 4 zuwa 4.5 | giram 2.5 zuwa 4 | kusan giram 2 |
| Azurfa | daga mai yawa zuwa rabi | ƙasa da rabi | ƙasa da kashi 5 | mai yawa sosai |
| Jurewa | mai kyau, sai in ya yi gautsi | mai kyau | wanka na gogewa, koren ciwo | siririya, tana tsagewa |
| Karantawa | da sauƙi, har da shekara | da sauƙi | bugu a karkace | da wuya in an datse |
| Jabu | matsakaici | kaɗan | kaɗan | matsakaici |
| Sake sayarwa | ya fi kowa | yana tafiya | da wuya | sai masu sonta |

Waɗannan farashin abin da ido ke gani ne a shagunan intanet da gwanjo, suna hawa suna sauka, ka ɗauke su a matsayin ma'auni kawai.

Wurin saye ya fi irin kuɗin muhimmanci

Duk wanda ka zaɓa a cikin ukun, in ka saya a hannun wanda ba a sani ba ka yi asara tun kafin kaya su iso. Ka nemi dillalin da ya rubuta ƙarara cewa in aka gano jabu ne, ko bayan shekara nawa, zai mayar maka da kuɗinka. Kasuwannin intanet irin su VCoins da MA-Shops dillalai ne suka taru a ciki, ya fi ka shiga inda kowa ke iya baje kaya. Ka tambayi nauyi da faɗi, ka nemi hoton gefen kuɗin, domin na gaskiya da guduma aka buga shi, jabu kuwa sau da yawa zubi ne, za ka ga layin haɗi a gefe, ko ƙananan ramuka kamar na kumfa, ko hoton ya yi laushi kamar sabulun da aka fara wanka da shi. Maganaɗisu ba ya taimako a nan, azurfa da jan ƙarfe duk ba ya kama su. Abin da kake buƙata ɗan sikeli mai auna 0.01 na giram da gilashin ƙara girma sau 10. Sannan lambar RIC da dillalai ke rubutawa, daga babban kundin kuɗin sarakunan Rum take wanda aka fara wallafawa a 1923, kuma akwai shafin OCRE kyauta, ka sa lambar ka ga ko rubutu da hoto sun yi daidai. Wanda aka rufe a cikin robar NGC, kamfanin da ke auna darajar kuɗi, yana da amfani wajen sanin darajar jikinsa, amma kamfanin da kansa ba ya ba da garantin asali a kan tsofaffin kuɗi irin waɗannan, mutane da yawa ba su san haka ba.

Sai maganar daga ina kuɗin ya fito, wadda ni ina ɗaukarta da nauyi. A Italiya da Girka da Turkiyya da Masar abin da aka tono a ƙasa na gwamnati ne, fitar da shi ba izini laifi ne. A 2020 an sayar da wani kuɗin zinariya na Burutus, ɗaya daga cikin waɗanda suka kashe Juliyus Kaisar, a Landan kusan fam miliyan 3, daga baya aka gano takardun asalinsa ƙarya ne, a 2023 aka mayar wa Girka. Mu da muka san yadda aka kwashe kayan Nok da na Benin bai kamata mu zama masu sayen na wasu da aka sato ba. Ka fifita wanda ke da tarihin tsohon gwanjo ko tsohuwar ajiya, ka adana rasit da duk 'yar takardar da ta zo da shi. In kana gida Najeriya ko Nijar ka tambayi dillali tukuna ko yana aikowa, kuma da rajista, wani lokaci kuɗin aikowa kaɗai ya kai na kayan, ya fi ka haɗa biyu ko uku a tafiya ɗaya ko ka sa a kai wa ɗan'uwa da ke can.

Ajiya kuma, ka guji leda mai laushin nan ta PVC, tana fitar da wani abu mai kore a jikin kuɗi. Ambulan ƙarama ta takarda marar asid ko leda mai tauri, a wuri busasshe. Kada ka wanke da toka ko lemun tsami ko man goge haƙori yadda ake yi wa awarwaro.

To wa ya dace da wanne

In kuɗi ɗaya tak za ka saya kuma kana so ka koyi karatu da shi, ɗauki dinarin gidan Seberus ko na Antoninus Piyus, mai cikakken rubutu gaba da baya. Wannan na ce wa abokina, kuma dala 150 ɗinsa ta isa har da aikowa. In abin da kake so shi ne kuɗi mai cika ido da za ka nuna wa yara ko ɗalibai su riƙe a hannu, Godiyan na III, ba ka yi kuskure ba. In aljihu ya yi ƙasa kuma tarihin faɗuwar darajar kuɗi ke burge ka, sayi na Godiyan ɗaya da na Galiyenus ɗaya ka jera su, shekara 25 kacal ke tsakaninsu amma ɗaya fari ɗaya ja. In Afirka kake nema a cikin tarihin Rum, fara da Seberus na Kartaj, ka tara kuɗi a hankali don AFRICA ta Hadiriyan. Silikwa ka bar ta sai ka yi shekara ɗaya ko biyu a harkar, in ka tashi saye kuma ka ƙara kuɗi ka ɗauki wadda sunan sarki da alamar gari duk suna nan. Su Oto da Kaligula da Pertinaks kuwa, sai a babban gidan gwanjo, da takardar da ta nuna hannun da suka bi kafin su zo naka.